Shawara: Ciwon da ya ɗauke Baba a asibiti, da aikin da ke jiran Mama

Tambaya:

Assalamu alaikum. A shekarar 2021 korona ta kama iyayena duka biyu, aka kwantar da su a asibiti ɗaya. Mama ta yi kwana tara aka sallame ta. Baba kuwa sai da aka kai shi ɗakin kulawa ta musamman, aka sa masa na'urar numfashi. Bayan mako biyu likita ya ce koronar ta lafa, har mun fara murna, sai zazzaɓi ya dawo. Suka ce wata ƙwayar cuta ce daban ta shiga huhunsa da jininsa, kuma ba ta jin magungunan da suke da su. Kwana shida ya ƙara, Allah ya karɓi abinsa. Tun ranar da aka kwantar da shi ni ce na dage wa likita sai an yi masa allurar antibayotik mai ƙarfi, daga baya kuma na ji an ce yawan antibayotik ne ke jawo irin wannan ƙwayar. Abin bai taɓa barin raina ba. Yanzu an ce Mama tana da duwatsu a matsarmama, ciwon ya tashi mata sau biyu, likita ya ce sai an yi aiki. Yayana ya ce ba za ta je ba, asibiti ne ya kashe Baba. Ya ce in ma ya zama dole, mu sayo antibayotik ta sha na mako guda don ya wanke mata jiki kafin ta shiga. Akwai kuma wata kalma, ESBL, da aka rubuta a takardar gwajin fitsarinta ta wancan lokacin, ba mu san ma'anarta ba. Me ya kamata mu yi?

Wata 'yar'uwarku

Amsa:

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya jiƙan Baba, ya sa jinyar da ya sha ta zama kaffara, ya ba Mama lafiya. Tambayar da kika rufe wasiƙarki da ita ta aikin Mama ce, amma wadda ta fi nauyi kin cusa ta a tsakiya kin wuce da sauri, kamar mai tsoron jin amsa. Da ita zan fara.

Ba ke kika rubuta maganin ba. 'Ya ta tsaya tana roƙon likita ya yi wa mahaifinta duk abin da zai yiwu, babu inda wannan ya zama laifi, kuma alƙalamin a hannun likita yake. Ko da kin ja bakinki kin yi shiru, da wuya Baba ya tsallake allurar nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tattara bayanan majinyata kimanin 450,000 da aka kwantar saboda korona a ƙasashe 65, daga Janairun 2020 zuwa Maris ɗin 2023, ta fitar da sakamakon a Afrilun 2024. Kashi 75 cikin 100 an ba su antibayotik, alhali waɗanda suke da ciwon bakteriya da ke buƙatarsa kashi 8 ne kacal. A cikin masu tsananin ciwo irin na Baba, waɗanda aka bai wa sun kai kashi 81. Wato a kowane mutum biyar da suka kwanta a irin gadonsa, huɗu sun sha abin da ya sha, ko akwai 'ya mai dagewa a bakin ƙofa ko babu.

Likitocin ma suna da dalilinsu, ko da yake yanzu an gane sun wuce gona da iri. Korona bairas ce, antibayotik kuwa bakteriya yake kashewa, ba ya taɓa bairas ko kaɗan. Sai dai a ranar farko, mutum ya zo da zazzaɓi da tari da numfashi sama-sama, hoton ƙirji ya nuna huhu ya yi fari, babu mai iya rantsewa cewa bakteriya ba ta ciki. Gwajin da zai tabbatar yana cin kwana biyu zuwa uku, don sai an shuka ƙwayar an jira ta tsiro, sannan a gwada mata magunguna ɗaya bayan ɗaya. Ga kuma abin da aka koya musu tun suna makaranta: a annobar mura ta 1918, akasarin waɗanda suka mutu ciwon huhu na bakteriya ne ya ƙarasa su bayan mura ta buɗe masa ƙofa. Da wannan tarihin a kai suka tari korona a 2020, suka ce gara a ba da maganin ko da za a yi asararsa. Daga baya aka ga korona ba ta cika zuwa da bakteriya a ranar farko ba, amma kafin sabon sani ya sauya tsohuwar ɗabi'a an riga an sha maganin da ba shi da iyaka.

Ba zan ɓoye miki ba, kwanakin da mutum ya yi a kan antibayotik suna ƙara masa haɗarin kamuwa da ƙwayar da ba ta jin magani. Abin da kika ji gaskiya ne. Yadda abin yake faruwa shi ne ya kamata ki fahimta, don da shi za ki amsa wa yayanki. Mutane da yawa suna ɗauka jikin mutum ne yake sabawa da magani har ya daina yi masa aiki. Ba jiki ne ke sabawa ba, ƙwayar cutar ce. A hanjin kowannenmu da fatarsa da bakinsa akwai bakteriya marasa adadi da ke zaune lafiya da mu, sun cika wurin har baƙo ba ya samun masauki. In aka zuba antibayotik mai faɗin aiki, sai ya share masu jin magani, nagari da mugaye, ya bar tsirarun da suka iya kare kansu. Waɗannan tsirarun sai su tarar da fili fetal babu mai yi musu gasa. Wasu bakteriya, in sun sami yadda suke so, cikin minti 20 ɗaya take zama biyu. Kuma suna da wata dabara mai ban haushi: suna iya miƙa wa juna sinadarin gadon da ke ɗauke da sirrin bijire wa magani, har tsakanin waɗanda ba jinsi ɗaya ba. Alexander Fleming, wanda ya gano antibayotik ɗin da ake kira fenisilin a 1928, ya yi gargaɗin wannan tun a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945.

To amma antibayotik share wuri kawai yake yi. Kafin ƙwayar ta kashe mutum sai an kawo ta inda yake, sai kuma ta sami ƙofar shiga. Ki duba yanayin Baba a mako na biyu. Bututun numfashi ya ratsa maƙogwaronsa ya tsallake duk masu gadin da Allah ya ajiye a hanci da baki, ba ya iya tari ya fitar da majina. Mai yiwuwa akwai robar da aka sa a babbar jijiyar wuya ko ƙirji don ba da magani, ita kuma hanya ce miƙaƙƙiya daga fata zuwa jini. Ga robar fitsari. Ga huhun da korona ta riga ta yi wa rauni. Ga kuma desametason ko danginsa, maganin da babban gwajin da aka yi a Birtaniya ya nuna a Yunin 2020 cewa yana rage mutuwar masu na'urar numfashi da kusan kashi ɗaya cikin uku, amma yana yin hakan ne ta hanyar kwantar da garkuwar jiki. Duk abin da ya riƙe ransa a makon farko shi ne ya bar ƙofa a buɗe a na biyu. Da ba a sa masa su ba, da bai kai ranar da kuka fara murna ba.

Saura tambayar ta ina ƙwayar ta zo, kuma a nan ne annoba take yin ɓarnarta ta ɓoye.

A lokacin da babu annoba, asibiti mai tsari yana da ƙananan ayyuka masu gajiyarwa da ba wanda yake gani. Nas ɗaya tana kula da majinyaci ɗaya ko biyu a ɗakin kulawa ta musamman. Wanda aka san yana ɗauke da ƙwaya mai taurin kai a ware shi a ɗakinsa. A goge ƙarfen gado da maɓallan na'urori da abin auna zafi tsakanin mutum da mutum. A goge wa mai na'urar numfashi baki sau da yawa a rana, a ɗaga kan gadonsa. Kowace safiya a tambaya ko robar nan tana da sauran amfani. Akwai ma ma'aikata da aikinsu ke nan, bin sawun ƙwayoyin cuta da sa ido kan yadda ake rubuta antibayotik. Da annoba ta cika gadaje, waɗannan ne suka fara zubewa. Nas ɗaya ta koma kula da mutum uku ko huɗu, aka ɗebo ma'aikata daga wasu sassa da ba su saba da aikin ba, wasu suka kwanta ciwo su ma. Ɗakin ware mai ɗauke da ƙwaya ya zama na masu korona. Masu bin sawu aka tura su wani aikin, ɗakin gwaje-gwaje ya nutse cikin gwajin korona. Su kuma dangi, waɗanda kan lura in bandeji ya jiƙe ko jakar fitsari ta taɓa ƙasa, a wurare da yawa an hana su shiga.

Abin da ya fi ba ni mamaki a wannan labarin shi ne safar hannu. Duk wanda ya ga hoton ma'aikata a lulluɓe tun daga kai har ƙafa zai ce ba a taɓa tsafta a asibiti irin ta lokacin ba. Amma kayan nan ma'aikaci suke karewa daga majinyaci. Ba sa kare majinyacin gado na ɗaya daga na gado na biyu sai in an cire su an sa sababbi a tsakani, an kuma tsaftace hannu. A lokacin ƙarancin kaya, rigar kariya ɗaya takan zagaya ɗaki guda, kuma mai safa a hannu yana jin hannunsa a tsaftace yake, sai ya taɓa wannan ya taɓa wancan. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da rahoton wani asibiti a jihar Fulorida inda a watannin Yuli da Agustan 2020 aka gwada majinyata 67 a sashen masu korona, aka sami 35 suna ɗauke da Kandida auris, wani nau'in fangas mai wuyar magani da aka fara ganowa a Japan a 2009. Ma'aikatan wurin riga kan riga suke sawa, safa kan safa, su cire ta sama su bar ta ƙasa tsawon aikinsu. Yawan kariyar ne ya zama abin hawan ƙwayar. A wani asibitin a jihar New Jersey, tsakanin Fabrairu da Yulin 2020, majinyata 34 suka kamu da wata bakteriya mai suna Asinetobakta, marar jin manyan magunguna, a daidai lokacin da cunkoso ya tilasta sassauta ƙa'idojin tsafta, kuma da aka koma kan ƙa'ida sai adadin ya sauka. Ita wannan Asinetobakta tana iya yin makonni a raye a kan busasshen ƙarfe ko roba, kuma huhun mai na'urar numfashi ne wurin da ta fi so. Ba sabon darasi ba ne ma. A annobar SARS ta 2003, wata cutar numfashi 'yar'uwar korona, an ga irinsa a wani ɗakin kulawa ta musamman a Hong Kong, inda kamuwa da wata bakteriya mai bijire wa magani da ake kira MRSA ya ƙaru a lokacin da ma'aikata suke zama da safa a hannu ba cirewa.

In aka haɗa lissafin ƙasa guda, rahoton da CDC ta fitar a 2022 ya nuna cututtuka marasa jin magani da ake ɗauka a asibitocin Amurka, da mutuwar da suke jawowa, sun ƙaru da aƙalla kashi 15 cikin 100 daga 2019 zuwa 2020. Asinetobakta ta haura da kashi 78, Kandida auris da kashi 60, MRSA da kashi 13. Abin takaicin shi ne kafin nan ana samun nasara, don tsakanin 2012 da 2017 mace-macen irin wannan a asibitocinsu sun ragu da kashi 28. Aikin shekaru ya rushe cikin watanni. Na kawo miki alƙaluman Amurka ne saboda su suna ƙirgawa suna bugawa, amma hanyoyin da abin ke bi, wato yawan magani da daɗewar roba a jiki da hannun da ya gaji, iri ɗaya ne a ko'ina.

Saboda haka in yayanki ya ce asibiti ne ya kashe Baba, kada ki yi masa gardama kai tsaye, don akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa, kuma shi ma makokinsa yake yi ta hanyarsa. Ki tambaye shi dai: wane asibitin? Wanda Baba ya kwanta a ciki asibiti ne da annoba ta danne, majinyacin kuma mutum ne da ya yi sama da mako biyu da bututu a maƙogwaro. Mama za ta shiga ne da ƙafarta, a ranar da aka tsara, a yi mata aikin da a yawancin lokuta ta 'yan ƙananan huji ake yinsa a ciki, ta kwana ɗaya ko biyu ta fito. In ma buɗe cikin aka yi, 'yan kwanaki ne. Ginin zai iya zama ɗaya, haɗarin kuwa ko kusa ba ɗaya ba ne. Ba ina nufin babu shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a cikin majinyata 100 da aka kwantar, 7 a ƙasashe masu arziki da 15 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi sukan ɗauki wata cuta a asibiti. Matsalar ma ta riga korona: a 2019 kaɗai an ƙiyasta mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya kai tsaye saboda bakteriya marasa jin magani. Amma kaso mafi tsoka na wannan haɗarin yana kan masu doguwar kwanciya da masu bututu da robobi a jiki.

Ga abin da nake so yayanki ya zauna ya yi tunani a kansa. Dutsen da ya tayar da ciwo sau biyu ba ya narkewa don an ƙi kula shi. Yana iya toshe bakin matsarmamar ta kumbura ta yi ruwa, yana iya gangarawa ya toshe hanyar ɗacin har idanu su yi rawaya ƙwayar cuta ta hau jini, yana iya tayar da kumburin fankiriyas, gaɓar da ke bayan ciki mai sarrafa sukari. Kowanne cikin waɗannan da tsakar dare yake kai mutum asibiti, a kan gadon gaggawa, a sha antibayotik na kwanaki, a sa robobi, wani lokacin har ɗakin kulawa ta musamman. Wato hanyar da ya zaɓa don ya nisanta Mama da abin da ya sami Baba ita ce ta fi kusantar da ita gare shi. Gudun gara ne, faɗawa gidan zago. Likitan da ya duba ta shi ya san ƙarfin zuciyarta da sukarinta da hawan jininta, shi zai yanke ko jikinta zai ɗauki aikin. In kuna da shakka ku nemi ra'ayin likita na biyu, wannan haƙƙinku ne. Amma tsoron 2021 kada ya zama shi ne mai yanke hukunci.

Shawarar shan antibayotik na mako guda kuwa, ina roƙonku da girman Allah ku bar ta. In kin bi bayanin da na yi a sama kin riga kin ga dalili. Maganin zai share bakteriyar hanjinta masu zaman lafiya, ya bar masu taurin kai su yi kaka-gida, sai ta shiga ɗakin tiyata da mafi munin abokan tafiya. Yana iya jawo mata wata muguwar gudawa da ke biyo bayan antibayotik, wadda ta fi kama tsofaffi. Kariyar da aikin yake buƙata likitoci suna da tsarinta: in ana buƙata, allura ɗaya ce a jijiya jim kaɗan kafin a fara yanka, don maganin ya kasance a jini a daidai lokacin da fata take buɗe. Ci gaba da shi kwanaki bayan aikin da ya tafi lafiya ba ya ƙara kariya. In an sallame ta ba a haɗo ta da antibayotik ba, kada ku ce an yi mata rowa, ku kuma je ku sayo.

Yanzu takardar nan. ESBL ba sunan cuta ba ne. Suna ne na wani sinadari da wasu bakteriyar hanji, irin su Ikolai da Kilebsiyela, suke fitarwa ya farfasa fenisilin da danginsa, har da seftiriyazon, allurar da ake yawan amfani da ita a asibitoci. Ganinsa a fitsarin Mama yana nufin a wancan lokacin tana ɗauke da irin wannan bakteriyar. Ɗauke da ƙwaya daban, rashin lafiya da ita daban. Mutane da yawa suna yawo da ita a hanjinsu lafiya ƙalau, a wasu takan ɓace cikin watanni, a wasu ta daɗe. Matuƙar ba ta jin zafin fitsari ko zazzaɓi ko ciwon kwiɓi, ba a ba da magani don kawai an ga ƙwaya a fitsari, kuma ƙoƙarin korarta da ƙarfi yakan ƙara mata taurin kai ne. Ba dalili ba ne na ware mata kwano ko hana jikoki hawa cinyarta. Wanke hannu da sabulu bayan bayi ya wadatar.

Amma ga likitan tiyata takardar nan tana da daraja sosai. Ita za ta sa ya duba ko maganin kariyar da ya saba bayarwa zai yi mata, ko a sake gwaji kafin ranar. In kuma zazzaɓi ya taso bayan aiki, ba zai ɓata kwana biyu a kan allurar da ƙwayar ta riga ta san maganinta ba. Asibitoci ba kasafai suke sanin abin da wani asibitin ya gani ba, har asibiti ɗaya ma fayil yakan ɓata. Ku ne ma'ajiyar tarihinta. Ki haɗa da jerin duk antibayotik da ta sha a watannin baya, da kowace kwanciya da ta yi tun 2021, da maganin da ya taɓa yi mata illa.

In ta shiga, wanda zai zauna jinyarta yana da aikin da ya fi kai ruwa da gyara matashi. Hannu shi ne kan gaba, kuma naku ne farko: kafin ku taɓa ta, bayan kun taɓa ta, bayan bayi, da sabulu ko ruwan goge hannu mai sinadarin barasa. In akwai gudawa, sabulu da ruwa, don ƙwayar gudawar da na ambata ruwan gogewa ba ya kashe ta. Na ma'aikata kuma kuna da damar tunatarwa. Na san da nauyi a ce wa nas ko likita ya tsaftace hannu, kuma yadda aka faɗa shi ne rabin maganar. "Don Allah Sista, ki yi haƙuri, mun taɓa rasa mahaifinmu ta wannan hanyar, shi ya sa nake tambaya" ba za ta ɓata wa mai hankali rai ba. Ganin safa a hannu kada ya kwantar miki da hankali, ki lura ko sabuwa ce. Tun 1847 wani likita a Biyana, Ignaz Semmelweis, ya nuna wanke hannu yana rage mutuwar masu jego, abokan aikinsa suka ƙi saurarensa, kuma har yau wannan ƙaramin aikin ne ya fi wahalar ɗorewa a asibiti.

Sai robobi. In an sa mata ta fitsari, kowace safiya ki tambayi masu zagaye ko yau za a cire, don kowace rana da ta ƙara haɗarin hawan ƙwaya yana ƙaruwa, kuma sau da yawa mantawa ake yi da ita. Jakar ta zauna ƙasa da mararta amma kada ta taɓa ƙasa. Allurar ƙarin ruwa da ke hannunta, in wurin ya yi ja ko ya kumbura ko yana mata zafi, ki faɗa nan take. Kada kowa ya buɗe bandejin don ya ga yadda ɗinkin yake, kada a shafa masa komai. Da zarar an ba ta izini ta tashi zaune, ta taka, ta riƙa jan dogon numfashi, don kwanciya wuri ɗaya ce ke tara majina a huhu. In tana da ciwon sukari a daidaita shi tun kafin ranar aiki. Masu dubiya a rage su, mai tari ko mura ya yi gaisuwarsa ta waya. In kuma aka ce za a fara mata antibayotik, wannan karon ga inda za ki kai dagewarki: wace cuta ake zato, an ɗauki jini ko fitsari don gwaji kafin a fara, kwana nawa za ta yi a kai, kuma yaushe za a sake dubawa in sakamako ya fito. Likitan kirki yana da amsar waɗannan. In ya ce ana buƙatar maganin, ta sha shi daidai yadda aka rubuta, don tsoron antibayotik a inda ake buƙatarsa shi ma yana kisa.

Wani abu kuma da za ku iya tambaya tun yanzu, tunda aikin ba na gaggawa ba ne: in ranar ta faɗo a lokacin da wata cuta ta ɓarke asibitin ya cika maƙil, ku tambayi likita ko matsar da shi 'yan makonni zai yi illa. Shi zai auna. Bayan sallama, zazzaɓi, ko ciwon ciki mai ƙaruwa, ko ruwa daga ɗinki, ko rawayar ido, ko ruɗewa, ba abin jiran gobe ba ne.

Game da Baba, in har zuciyarki ta ƙi kwanciya, kuna iya neman zama da wani likita a asibitin ya buɗe fayil ɗinsa ya bi muku shi rana bayan rana. Wasu iyalan hakan yana sauke musu nauyi, wasu kuma yana tayar musu da miki, ke kika san wacce ce ke. Ki kuma gaya wa yayanki abin da kika gaya mini game da allurar. Ina zargin bai san kina ɗauke da wannan ba, kuma ba mamaki shi ma yana da nasa, wataƙila shi ne ya sa hannu a takardar na'urar numfashi, ko shi ya tuƙa motar da ta kai Baba. Ranar ganin likitan tiyata ku tafi tare, ku bar Mama ta yi nata tambayoyin da bakinta tunda jikinta ne, takardar gwajin nan kuma ki ɗauki hotonta a waya kafin ki miƙa ta.